Shekarar da Aka Cire Mini Labule

Jikata ce ta tsokano ni. Ina kallo ta danna waya ta zuba surutu ta saki, kafin ta haɗiye miyau ƙawarta da ke Legas ta ji har ta maido amsa. Na ce mata ai sana'ata ce wannan kika ƙwace, da ita na auri kakarki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, wai danna abu ɗaya ma sana'a ce? To ku da ita duka ku gyara zama. Ni ne Sule, wanda Mubi ta sani da Sule Rikoda. Boko dai aji uku na yi, na ukun ma sai da na maimaita shi, malamin ya ce ƙauna ce ta hana shi rabuwa da ni. Saboda haka in kun ga harafi ya karkace, ku miƙe shi ku wuce.

Aikina na farko rediyon wani ladan ne. Mahaifina, wanda iyayensa suka zo daga Zamfara da fatauci suka zauna, shi ya kai ni koyon gyara wajen Baba Tumba, wani dattijo mutumin Michika mai shago kusa da tasha. Na kwance rediyon tsaf, na mayar da shi tsaf, sai ga sukurori sun ragu a tafin hannuna kamar canjin cefane. Baba Tumba ya dubi sukurorin, ya dube ni, ya ce Allah bai halicci hannuna don gyara ba, bakina kuwa ya halicce shi babu murfi. Sai ya tura ni bayan shago, inda ya ajiye wata rikoda mai cin manyan batura, ya ce ga aikin da zan iya.

A lokacin jiharmu Gongola ce, ba Adamawa ba. Mutanenmu suna da 'ya'ya a barikin soja, suna da 'yan'uwa a Legas da Kano, suna da surukai a tsallaken iyaka cikin Kamaru. Mai rubuta wasiƙa yana nan ƙofar gidan waya, amma wasiƙa ba ta kuka, ba ta dariya, kuma mai rubutun shi ke zaɓar abin da ya ga ya dace a faɗa. Sai mutum ya zo wajenmu ya yi magana da bakinsa cikin kaset, a ba direba ko ɗan'uwa mai tafiya, can a taru a tsakar gida a kunna a ji muryarsa kamar yana zaune a kan tabarma.

Kuna ganin abu ne mai sauƙi, ko? Bari ku ji. Akwai wani saurayi daga Duvu da ya zo neman aure ta kaset, ya sha sabuwar riga ko da yake ba wanda zai gan ta. Baturan da aka ɗauke shi da su sun yi sanyi. Wanda bai sani ba ya sani: in ka ɗauki murya da batir mai sanyi, aka je aka kunna da mai ƙarfi, muryar ƙato sai ta fito siririya tana gudu kamar ta ɗan akuya. Surukai suka aiko tambaya ko yaron ya balaga. Tun daga nan ba na ɗaukar maganar aure sai na lasa batir na ji ya cije ni a harshe. Kan rikoda kuwa, inda zaren kaset yake gogawa, kullum sai ka share shi da auduga. Zare ya tsinke, ka haɗa shi da jan farce. Ya harɗe, ka sa biro ka naɗe shi a hankali. Kaset yana da 'yan haƙora biyu a bayansa. In an gama sai ka ɓalle su a gaban mai magana, don kada wani ya goge ya ɗora tasa. Sannan a naɗe a takarda, shi da kansa ya ɗaure da zare ya kai tasha.

Duk wannan wasa ne. Wahalar tana wajen buɗe bakin mutum. Dattijon da yake tsawa a kasuwar shanu, da ya ga makirfo sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce mata ranki ya daɗe. Ni kuwa da bakina marar murfi sai in ja shi da hira, in tambaye shi sunan wanda zai ji, sunan matarsa, na yaransa, har na karen gidan. In ce ya dubi bango ya kira sunan, ya fara da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Da na ga idonsa ya bar kan rikoda ya tafi can, sai in danna jan maɓalli da na kusa da shi, in fita, in saki labule.

Labulen nan shi ne sana'ar. Tsohon bargo ne mai kauri, Baba Tumba ya rataye shi da hannunsa ranar da ya ba ni aikin. Ya kuma ajiye wani rediyo a bakin ƙofa, ya ce duk sanda na saki labule in ƙure ƙararsa in zauna kusa da shi, har mai magana ya girgiza bargon. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Sule, kai ba ka iya riƙe magana ba, kuma ba za ka taɓa iyawa ba. To kada ka ji. Abin da kunnenka bai ɗauka ba, bakinka ba zai zubar ba."

Da ya tsufa ya koma kan dutse wajen danginsa, ya bar mini shagon da bargon. Gari duka ya san Sule gulmamme ne, kuma gari duka ya san abin da aka faɗa a bayan labulen Sule bai taɓa fita ba. Masu zuwa masallaci da masu zuwa coci duk layi ɗaya suke bi a kan bencina.

Sai shekarar nan ta zo, wadda soja suka rufe kan iyaka aka canza kuɗi. Aka ce an yi doka, ana iya ɗauke mutum a ajiye shi babu alƙali babu lauya. Masu shayi suka rage ƙarar hira. Wata safiya ina share kan rikoda wani mutum ya shigo cikin safari mai ruwan toka, ya ce sunansa Malam Iro. Bai faɗi inda yake aiki ba, ni ma ban tambaya ba, don takalminsa ya riga ya faɗa mini: farin kaya ne. Ba mugu ba ne a fuska, yaro ne ma a kaina, daga nesa aka turo shi. Ya ce iyaka a rufe take ga mutum da kaya, amma ga shi murya tana ƙetarewa ta shagona ba mai tambayar ta takarda. Masu fasa-ƙwauri da masu zagin gwamnati za su iya fakewa da gaisuwar tsofaffi. Daga yau duk kaset sai ya saurara kafin ya tafi. A riƙa yi da Hausa, don ba ya jin Fulatanci ko Gude ko Kamwe. Labule kuma a cire, yana so daga rumfar mai shayi ya riƙa ganin wanda ke ciki. Da hannunsa ya sauke bargon, ya naɗe ya tafi da shi.

Ina so in ce muku na yi jarumta, amma ni Sule ne. Cewa na yi, to ranka ya daɗe.

Ba wanda aka yi wa shela, amma kafin kasuwa ta sake ci kowa ya sani, kuma ba mai furtawa. Bencina ya zama na kaji. 'Yan kaɗan da suke zuwa su zauna a miƙe kamar masu ɗaukar hoton fasfo, su ce muna lafiya, gari lafiya, gwamnati tana ƙoƙari, a huta lafiya. Kaset mai awa guda, magana ba ta kai shan kofin ruwa ba. Na koma gyaran rediyo, kun kuwa ji labarin hannuna. A wannan damina uwargidana ta koyi yin miya da addu'a.

A cikin wannan hali Mama Kuve ta zo. Tsohuwa ce mai sayar da gyaɗa a unguwar Yelwa, tun zamanin Baba Tumba take zuwa. 'Yarta ɗaya tana aure a wani ƙauye can tsallake, ga ta da cikin fari. Ƙafafun Mama Kuve ba za su iya hanyar daji ba, hanyar mota kuwa an datse. Ta zauna gaban makirfo ta dubi ƙusar da bargo yake ratayuwa a da, ta dubi rumfar mai shayi. Na danna, zare yana ta juyawa a banza. Can ta ce in kashe.

Ta ce, "Yarinya na yana da ciki, Sule. Maganan mata ne zan faɗa mashi, wanda mama na ya faɗa mani. Ba ya shiga Hausa. Kuma ba ya shiga kunnen namiji."

Na ce ta yi haƙuri, wataƙila a sassauta. Ta ce ciki ba ya jiran gwamnati. Ta ɗauki tirenta ta tafi. Duk ranar kasuwa sai ta biyo ta leƙa, ta ga ƙusa tsirara, ta wuce ba ta ko gaishe ni.

Wanda ya buɗe mana hanya bai ma san ya buɗe ba. Bappa Hammadu ne, wani Bafulatani daga wajen Belel, mai shanu kaɗan da kunya mai yawa. Ya ba ƙanensa da ke tsallake kiwon wata saniya, yana so ya aika masa sharaɗi: maraƙin fari nasa ne, na biyu na mai kiwo. Shi bai ji labarin sabuwar doka ba. Da na ce masa da Hausa zai yi, kuma wani zai saurara, sai ya tambaye ni waye. Na rage murya na ce wani Malam Iro ne. Bappa ya ɓata rai. Ya ce yanzu da na bar shi ya yi magana a gaban mutum bai gaishe shi ba, ai da na sa shi ya yi abin kunya da furfurarsa.

Ya gyara rawani ya fara. Ya gaida Malam Iro, ya tambayi iyalinsa, ya tambayi gajiyarsa da baƙunta, ya tambayi ko ruwan Mubi ya karɓe shi, ya yi wa iyayensa addu'a rayayyu da matattu. Sannan ya faɗi maganar saniya dalla-dalla, ya rufe da cewa, "Malam Iro, kai ne shaida, tunda Allah ya sa ka ji."

Ina tsaye a gefe, tunda babu labulen da zan fita bayansa, sai wata dabara ta faɗo mini. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan kalma ba. A ƙasarmu wanda ya ji magana ya shiga cikinta. Ka ji an ba da kiwo ko an yi alkawarin aure, ranar rigima kai za a kira. Ka ji haihuwa, sai ka zo barka. Ka ji rasuwa ba ka zo gaisuwa ba, kai ba mutum ba ne. Ba a san wani jin da mutum zai yi ya naɗe kunnensa ya tafi gida ba.

Nan bakina marar murfi ya sami aikin da aka halicce shi dominsa. Na bi tasha, na bi kasuwar hatsi, na bi ƙofar coci da ta masallaci, ina cewa jama'a ashe rashin ladabi muke ta yi. Gwamnati ta turo mana babban mutum yana sauraronmu kyauta, mu kuwa ko sannu ba ma ce masa. Duk mai maganar da ke bukatar shaida ya zo, ga shaida na gwamnati, ba ya mantuwa, don har rubutawa yake yi.

Benci ya cika. Mai rabon gona da ɗan'uwansa na Kano ya zo. Matar da mijinta soja ya yi alkawarin aiko mata keken ɗinki ta zo, ta ce Malam Iro ya ji da kyau. Kowane kaset da gaisuwarsa yake farawa, kowanne da sunansa yake ƙarewa. Aka cika fuska ta ɗaya aka juya ta biyu. Wani tsoho ya ba shi tarihin iyakar gonarsa tun daga kakan kakansa, itace bayan itace. Kaset-kaset suka taru masa cikin kwali, shi kuma doka ta ce sai ya ji duka. Sai amsoshi suka fara dawowa daga Legas da bariki da tsallake, su ma suna cewa a gaida Malam Iro, an ji labarin kirkinsa.

Da ma ya zo ne don kada a san shi. Yanzu in ya ratsa kasuwa sai mata su tare shi, wannan tana masa tunin suna ranar Asabar, waccan tana ƙorafin ba ta gan shi wajen zaman makoki ba alhali ya ji da kunnensa. Ya bar rumfar mai shayi, don da ya zauna sai a kewaye shi ana tambayar ra'ayinsa kan auren wance.

Ya zo shagona wata rana da azahar, idonsa ja, ya rame. Ya ce ya san aikina ne, kuma ya tuna mini da dokar nan ta ajiye mutum. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni aji uku na yi. Na gaya musu kana ji ne don su kama bakinsu. In kuskure ne, gobe in zagaya in ce musu ba ka ji." Ya daɗe yana kallona. Ya san in na ce yana ji, ga abin da ya samu. In na ce ba ya ji, ya sa ni ƙarya a gaban gari kuma ba mai yarda. Ya juya ya fita.

Saniyar Bappa ce ta ƙarasa aikin. Ta haihu, ƙanen ya ce shi ba haka ya fahimta ba, na fari nasa ne. Ya biyo ta daji ya zo, aka kai magana gaban jauro, wato mai unguwa. Jauro ya ce a kawo kaset, ƙanen ya ce yara sun ja zaren sun yi wasa da shi. Jauro ya ce to akwai shaida? Bappa ya ce akwai, na gwamnati ma kuwa. Sai aka ɗunguma, jauro a gaba, masu rigima a baya, 'yan kallo a bayansu, aka nufi wani gida marar allo da bai kamata kowa ya san ofis ba ne, amma kowane ɗan acaɓa ya san ƙofarsa. Masu sauran maganganu da suka ji an tafi, su ma suka bi da nasu. Wata ta riƙo kaza, wai gaisuwar shaida. Ni ina can ƙarshen layi, ina cewa jama'a a yi a hankali.

Allah da ikonsa, a ranar maigidan Malam Iro ya zo daga Yola duba aiki. Ban shiga ba, ban ji abin da aka ce ba, kun san ni da rashin son jin maganar mutane. Na dai ga mutumin ya leƙo ta taga, ya ga jauro a kan tabarma, ya ga kaza, ya ga rabin Mubi suna kiran ma'aikacinsa na sirri da sunansa, har da masu ce masa Kunnen Gwamnati. An daɗe. Daga baya Malam Iro ya fito ya tsaya a ƙofa, ya ce a gaban kowa maraƙin fari na Bappa Hammadu ne, haka ya ji. Jama'a suka ce madalla da shaidar gaskiya.

Washegari da hantsi ya shigo shagona da kwali a kafaɗa da bargo a hammata. Ya ajiye kwalin ya ce a ba masu su. Ya ce an duba an ga babu wani abin tsaro a harkata, ofis yana da manyan ayyuka. Na ce to wa zan ce musu zai riƙa yi musu shaida? Ya ce, "Sule, don girman Allah, ka ce musu na kurumce." Har ya kai ƙofa ya dawo, ya ɗauki bargon ya rataye shi a ƙusar da kansa, don ya fi ni tsawo.

Ban jira ranar kasuwa ba. Na hau keke na tafi Yelwa, na sami Mama Kuve tana suyar gyaɗa. Ban ce mata komai ba sai, bargo ya dawo. Ta sauke kaskon daga wuta.

Na sa sababbin batura, na lasa kowanne. Na share kan rikoda har sau biyu. Na fasa sabon kaset mai dogon zare, na nuna mata yadda za ta juya shi da kanta in fuska ɗaya ta cika. Ba ta bukaci in ja ta da hira ba, idonta ya riga ya tsallake iyaka. Na danna jan maɓalli da na kusa da shi, na fita, na saki labule, na ƙure rediyo har mai shayi ya yi ƙorafi. Na zauna a nan har inuwa ta juya. Da ta girgiza bargon na shiga na tarar ta cinye fuska biyun duka, fuskarta a jiƙe, tana dariya. Na ɓalle haƙoran a gabanta, ta ɗaure da zaren da ta tsinko daga bakin zanenta, ta ba wani mai gona a tsallake ya tafi da shi cikin buhun iri.

Saƙon ya riga haihuwa isa. Bayan kaka ta zo ta zube mini gyaɗa a kan benci ta ce namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Na ce, Mama, me kika faɗa mata haka har fuska biyu? Ta ce in tambayi Malam Iro.

Har yau ban sani ba, ni da na ɗauka, gwamnati ma ba ta sani ba. Na ba jikata wannan labari ta ce ai yanzu an wuce zamanin bargo. Na ce haka ne. Sai na karɓi wayar na juya ta gaba da baya, na tambaye ta wa ke sauraron tata, in aika masa da gaisuwa. Ta ce ba ta sani ba. Na ce to mu dai mun san namu, har kaza muka kai masa.